Jan Zaren Baffa Sule

Shekara ashirin ke nan da muka kai Baffa Sule Tela makwancinsa. Ƙanen mahaifina ne, kuma shi ne ya hana ni zama wani abu a duniya. Na faɗi wannan tun farko don kada a ɗauka yabon ɗan'uwa zan yi. Karatuna a aji huɗu na elementare ya tsaya. Yau masinja nake, ina kai wa sa'o'ina fayil ina rusunawa. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan, to ya san dalili.

Baffa tela ne a unguwar Wunti, cikin gari. Bai yi boko ba, sai ajin yaƙi da jahilci da ya shiga da gemunsa. Da aka fara zaɓen wakilai a majalisar gari, ana sauran 'yan shekaru a sami mulkin kai, mutanen unguwa suka tura shi. Aka jefa shi kwamitin ilimi, don ana ganin tela ba zai iya da takardun Turanci ba, sai dai ya sa hannu ya koma kan kekensa. Aikin kwamitin shi ne bin sawun abin da aka ware wa makarantu, a ga ko ya isa inda aka nufa.

A wancan lokaci sai an aika da takarda kafin kwamiti ya zo. Ni ina wata 'yar makaranta a gefen Miri, inda mahaifina ke noma. A ƙasa muke zama, malami ɗaya ke zagaya aji huɗu. Amma ana gobe baƙi za su zo, sai ga jakuna da bencina daga cikin gari. Mu sauke, mu jera, mu yi wa baƙi waƙa, su ci kaji su tafi. Washegari jakunan su dawo su kwashe. Malam ya ce duk wanda ya buɗe baki zai sha bulala, mu kuwa a ganinmu haka ake yi ko'ina.

Ƙusa ce ta tona asirin. Ranar Litinin, a wata makarantar cikin gari, Baffa ya zauna a benci, ƙusa ta kama masa babbar riga. Ranar Alhamis a makarantarmu ya zauna, ƙusa ta sake kama shi a daidai wurin. Wani zai ce tsautsayi ne. Tela kuwa ya san bakin kowace yaga. Da zagaye na gaba ya zo, sai ya zaro allurar da ba ta rabuwa da hularsa, ya bi bencinan cikin gari yana sunkuyawa kamar mai gyara takalmi, yana ɗaura jan zare a ƙarƙashin kowanne. Kwana uku bayan haka ya shigo ajinmu, ya durƙusa a gaban sauran wakilai da rigarsa ta Juma'a, ya leƙa. Ina ganinsa ya miƙe da zaren a hannu.

Ya dube ni ya ce, "Iro, tun yaushe kake zama a kan bencin nan?"

Na dubi Malam, na dubi ƙasa.

Ya ce, "Bar shi. Gwiwar wandonka ta ba ni amsa."

Abin da ya faɗa a majalisa ban ji da kunnena ba, amma gari ya ɗauka. An ce ya ajiye zaren a kan tebur ya ce a takarda makaranta biyu na da benci, a ƙasa kuwa benci ɗaya ne ke da makaranta biyu, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ya nemi a daina aika takarda kafin ziyara. Ya nemi a riƙa karanta sakamakon jarrabawa makaranta makaranta a gaban wakilai, ba a dunƙule ba, don a ga su wa ke wucewa, su wa ake bari a baya.

A shekarar muka zauna jarrabawar shiga babbar firamare. 'Yan cikin gari suka wuce da yawansu. Mu ko mutum ɗaya. Yaya za mu ci abin da ba a koya mana ba? Sai wani magatakarda da maganar bencin ta shafa ya je shagon Baffa, ya ce akwai gurbi ɗaya da ya rage, kuma ya ji Baffa yana da ɗan wa a Miri. Abin da ake so kawai ya sassauta. Mahaifina ya ji labari, ya taho da ni a ƙasa har Wunti. Ina tsaye a bakin shago ya ce, "Sule, ban taɓa roƙonka komai ba. Yaron nan yana da kai."

Baffa bai daina taka keke ba. Ya ce, "Yaya, na san yana da kai. Sauran da ke zaune a ƙasa tare da shi fa, ƙwarya ce a wuyansu? In na karɓi na Iro, da wane baki zan tambayi nasu?"

Mahaifina ya kama hannuna muka juya. Shekara uku ba su gaisa ba sai in sun haɗu a jana'izar wani. Ni kuwa na fi haka. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ban taɓa jin haushin magatakardan ba, Baffa na riƙe a zuci. Bayan shekara biyu aka kawo wa makarantarmu benci nata na kanta da malami na biyu, ƙannena suka fara cin jarrabawa, ɗaya ma yau likitan dabbobi ne. Ni lokacin ina bayan shanun huɗa. An gyara gada bayan na faɗa ruwa.

Ranar samun mulkin kai an raba wa 'yan makaranta ƙananan tutoci, har na ƙauye. An ce Baffa ya karɓi ɗaya ya jujjuya, ya ce ashe hanyar ƙauye ba ta da wuya, tun da tuta ta iso rana ɗaya, to me ke tsare alli? Bai daɗe ba bayan haka ya kwanta. Na je dubiya sau ɗaya, na tsaya daga ƙofa.

Da zai dawo yau, me zai ce? Makarantu sun yi yawa, wannan zai yi murna. Amma zai ga masu sa ido na yanzu suna zuwa da jerin motoci, an sanar tun mako guda, a karɓe su a ofishin hedimasta, su sa hannu a littafin baƙi. Zai tambaya, cikinku wa ya san kalar ƙasan benci? Har yanzu ɗan cikin gari ke wucewa, ɗan gefen gari ya koma gona, kuma har yanzu a dunƙule ake faɗin sakamako don kada a ji kunya.

Ban ce na yafe duka ba. Duk ranar da yaro ƙarami ya danna mini ƙararrawa a ofis, nakan tuna shagon nan. Sai dai na yi shekara ashirin ina neman wanda zan ce ya fi shi, ban samu ba. Bai bar gida ba, bai bar gona ba, keken ɗinkin ma an sayar. Abin da ya bari shi ne gani ya kori ji.

'Yata Hajara tana aji uku yanzu, a kan dutse take zama. Watan jiya aka ce baƙi za su zo, na je na tarar da bencina jere reras. Na sunkuya da wannan bayan nawa mai ciwo na ɗaura jan zare a ƙarƙashin guda biyar. Bayan kwana biyu suka ɓace. Ni ba ni da majalisar da zan ajiye zare a teburinta, sai wannan shafi. Zaren yana nan a wata makaranta cikin garin nan, duk wakilin da ke so zai same shi. Sai dai fa ba a ganinsa daga tsaye.

Allah Ya jiƙan Baffa Sule, Ya sa bencin da ya ƙwato wa 'ya'yan wasu ya zame masa inuwa.