Hular da Na Bari Gaban Sarkin Gini

Akwai abu guda da nake so a ce ban yi ba. Na fito daga gidan da ke cin wuta, ban koma na gaya wa wanda ya aike ni ba, har wani ya kusa mutuwa yana nemana.

Abin ya faru a Matameye, shekarun da Nasara suka fara zama a Damagaram. Ina da ƙarfina a lokacin, ban daɗe da aure ba. Mutanen kumandan Nasara sun kwashe yawancin majiya ƙarfi zuwa ɗaukar kaya, maza sun yi ƙaranci a unguwa.

Garinmu kusan duk jinka ne da dangar kara. In wuta ta tashi, Sarkin Gini ke ba da umarni, don shi ya san rufin da zai jure da wanda zai rufta. Ba ya ɓata ruwa kan ɗakin da ya riga ya kama. Sai ya duba inda iska ta nufa, ya sa a sauke jinkar maƙwabta, a tuge danga. Yana kuma da wata ƙa'ida. Duk wanda zai shiga gidan da ke ci, sai ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa gabansa, in ya fito ya ɗauka da hannunsa. Hular da ta saura, mai ita yana ciki.

Ranar da hantsi ne, cikin bazara. Wuta ta kama daga murhun masu toya ƙuli a wani gida na unguwarmu. Kafin mu taru ta haye ɗakunan gidan. Mata suka jeru da tuluna daga rijiya. Sai aka ce ba a ga tsohuwar gidan ba, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta.

Sarkin Gini ya dube ni ya ce, "Kai ka san gidan. Ɗakinta kawai. In ba ta nan, ka fito."

Na ajiye hula, aka jiƙa gwado aka yafa mini. Taubashina, ɗan ƙanwar ubana, wanda muke wasa tun muna yara, yana riƙe da gatari a gefe. Ya ce, "Shiga, bawana. In ka gasu, ni zan gaji akuyarka."

Na sami tsohuwa kwance bakin ƙofarta tana tari. Na goya ta. Da na juyo, hayaƙi ya toshe hanyar zaure, sai na yi baya, na ture danga da kafaɗa, muka faɗa lungun bayan gida. Na kai ta gindin wata tsamiya inda wasu mata suke. Suka yi guɗa, suka kawo ruwa, suna ta sa mini albarka. Na zauna na sha, na ba da labari, na sake bayarwa. Daɗin yabo ya riƙe ni, ban tuna da hula ba.

Da na zagayo ƙofar gida ina tafe a hankali, na ga maza sun bar sauke jinka sun taru wuri guda. Huluna biyu ne a ƙasa, tawa da ta taubashina. Igiyar guga tana hannun Sarkin Gini, ɗaya bakin, ɗaure a ƙugun taubashina, ya shige cikin hayaƙi.

Ya gan ni. Ya juya ga maza ya ce, "Ku ja."

Na kama tare da su. Igiyar ta taho kaɗan, ta tsaya. Muka ja, ta ƙi. Rufin zauren yana ƙara, garwashi na zubowa. Na saki igiya na nufi ƙofa, Sarkin Gini ya riƙe wuyan rigata.

Ya ce, "Ka shiga sau ɗaya, ya ishe mu. Kira shi. Muryarka yake nema, don ita ya ƙi fitowa."

Na tsaya bakin zaure na yi ta kiransa, ina cewa ga ni waje, tsohuwa ma tana waje. Sai igiya ta yi sako-sako. Muka ja, ya fito da rarrafe, gwadon bayansa na ci. Aka kwara masa tulu. Ba a jima ba rufin ya rufta daidai inda ya biyo.

Ya daɗe kwance yana tari, kafaɗarsa ta saluɓe. Da ya buɗe ido ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Bawana, ko gashin girarka bai ƙone ba."

Ni dai na durƙusa ina cewa alhamdu lillahi.

Sarkin Gini ya mayar da maza bakin aiki, aka tare wutar kafin ta kai rumbuna. Gida guda ya ƙone da ɗakin maƙwabci, wanda da ba a bar sauke jinka saboda ni ba, da ya tsira. Ba a rasa rai ba. Ni na yanko ciyawar sabon rufin ɗakin, ba wanda ya sa ni.

Taubashina ya warke. Hannun bai ƙara ɗaguwa sosai ba, amma ya yi noma da shi, ya ga jikokinsa. Har yau in na tuna, godiya ke fara zuwa mini kafin kunya.

Ku da kuke shiga wuta don ceton mutane, ina roƙonku kada ku yi irin tawa. In kun fito, ku fara zuwa wurin wanda ya aike ku, ku gaya masa da bakinku, ko da kuna ganin duk gari ya gan ku.