Akori-kurar Baba a Ƙofar Makaranta

Wata Alhamis ce a ƙarshen damina, shekarar da nake aji biyar a firamaren ƙauyenmu kusa da Daudawa, aka zaɓe mu zuwa gasar kacici-kacici a Faskari. Motar da aka yi mana alkawari ba ta zo ba, sai hedimasta ya aika a roƙi mahaifina. Baba ya zo da tsohuwar akori-kurarsa, muka ɗare baya da fararen hijabanmu, makaranta kaf ta fito rakiya. Ya tayar da mota, ya ja sandar giya, ita kuwa ta yi kamar ba da ita ake ba. Ya taka totur, inji ya yi ruri, taya ko motsi. Hedimasta ya zagayo ya dafa bayanta zai tura, daidai lokacin giya ta kama, motar ta zabura, ya faɗi rub da ciki cikin taɓo. Dariyar da ta ɓarke har matan da ke bakin rijiya sun ji ta. Na cusa fuskata tsakanin gwiwoyina, ban ɗago ba sai da muka wuce gonakin auduga.

Baba bai sayi motar don gayu ba. Tun yana saurayi amalanken shanu ya taka masa ƙafar hagu, ba ya iya danna kuloci, shi ya sa ya nemo mai canja giya da kanta, wadda ake kira atomatik. Kaf yankinmu shi kaɗai ke da irinta. Da ita yake ɗauko masarar mutane daga gona, da ita ake kai mai naƙuda asibiti, daga gare ta tuwonmu yake fitowa. Kullum da safe ni ke share gindin ɗorawar da take kwana, in kori kajin da suka lafe ƙarƙashinta, in kai wa awaki harawa, sannan in ɗauki jakata. Na daɗe da sanin takan yi jinkiri da sanyin safiya, amma a gida abin bai taɓa zama abin kunya ba. Bayan ranar nan kuwa, da zarar an kafa gaɗa lokacin tara, sai wata ta ɗauko waƙar da suka ƙirƙira: "Motar gidan su Hajara, sai an roƙe ta take tafiya." Na daina fita wasa, na koma yin carafke ni kaɗai a bayan aji.

Jinkirin ya yi ta ƙaruwa, ga kaka ta matso, masu masara sun fara neman wasu direbobi. Ranar wata Asabar Baba ya nufi Ƙanƙara wurin wani bakanike mai suna Lawwali, Inna ta haɗa ni da shi in kai wa gwaggona daddawa. Lawwali bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambayoyi: da safe ta fi yi ko in ta yi zafi, a gaba ne kawai ko har ribas, akwai ɗigon mai inda take kwana? Baba ya waiwayo gare ni, na ce akwai, da ja ne kamar zoɓo, yanzu ya koma baƙi. Ya bar inji yana aiki, ya zaro gejin man giya, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Man bai kai alama ba. Ya murza shi tsakanin yatsunsa, ya sansana. Sai ya tura yaran garejinsa sayo ruwa, ya rage murya.

"Baba, wane mai kake ƙara mata?"

Baba ya ce mai kauri, irin na manyan motoci, wanda wani direban gingimari ya ba shi shawara da ya ga tana ɗiga.

"Shi ne ya toshe matatar. Wannan motar jan mai marar kauri take sha, shi ke tura giyar ta kama. Da an ƙara kwana biyu, sai dai a nemi wata giyar."

Ban taɓa ganin mahaifina haka ba. Mutumin da ake zuwa zaurensa neman shawara kan taki da iri ya cire hula ya rasa inda zai ajiye ta, ya ƙura wa ƙafarsa mai ciwo ido. Da ya tuna ina tsaye, sai ya ce, "Ɗiyata, tahi ki kai saƙon gwaggonki." Na tafi ina jin wata kunya wadda ta fi ta makaranta nauyi, kunyar ganin abin da bai kamata ɗiya ta gani ba. Kafin in dawo an tsiyaye man, an canja matata da robar da ke yoyo. Motar ta samu sauƙi, ko da yake da safe sai an bar ta ta ɗumama. Ta kwashe masarar shekarar nan da ta wasu shekaru bayanta. A hanyar komawa Baba ya saya mini rake, ni kuwa ban faɗa wa Inna abin da na gani ba.

Yanzu ina zaune a Katsina, inda bakanike ke jona wa mota na'ura ta faɗa masa ciwonta. Baba ya tsufa, ya ajiye tuƙi, gonakin da yake zuwa ta wajen Sabuwa tsoro ya hana a noma da yawansu. In na je gida nakan same shi a zaure yana sauraron rediyo, ya tambaye ni lafiyar hanya, ni kuma in yi ta kallon hannayensa da suka ciyar da mu. A wancan lokacin na yarinta babbar damuwata a duniya ita ce kada a yi wa ubana dariya. Ashe muna cikin rufin asiri ba mu sani ba.