Sunan da Gogo Sailuba Ta Riƙe

A unguwar Manfuha ta Riyad, a shekarun da suka biyo bayan yaƙin Kuwait, ba a raɗa wa jaririn Bahaushe suna ba tare da Gogo Sailuba ta sani ba. Ta zo Riyad tun tana da ƙuruciya, ta biyo mijinta Malam Isiyaku da yake tuƙi a ofishin jakadanci. Da Allah ya karɓi abinsa, sai ta ci gaba da zama a kan iƙamar ɗanta, wato takardarsa ta izinin zama, a wani ɗaki saman shagon mai gyaran fanka. Boko ba ta yi ba, allonta ma bai yi nisa ba, amma Larabcin titi ya zauna a bakinta, kanta kuwa rumbun sunaye ne.

Duk Alhamis bayan la'asar matan Hausawa kan haɗu a gidan Hajiya Aliya a Nasiriyya. 'Yan mata ƙanana su yi layi gaban Gogo, ta miƙa wa kowace dabino, ta kira ta da cikakken sunanta da wadda aka yi wa takwara. "Zahida, takwarar kakarta ta Funtuwa, mai kukan asuba!" Sai a yi dariya. In ta koma gida ta kishingiɗa, na'urar sanyi tana gurnani, sunayen kan zo mata kamar tattabaru suna sauka a kan rufi, ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana bin kowanne da addu'a har barci ya ɗauke ta.

Wata safiya wata ma'aikaciyar jinya ta hawo benen. A ce mata Sista, yadda ake ce wa dukansu. Ta zauna ba ta cire abaya ba, shayi ya huce a gabanta, sannan ta yi magana. Direban motar makaranta ya ci amanar 'yarta mai shekara tara. An kama shi. Yanzu tana neman diyya a kotu, don a yi wa yarinyar magani, kuma don a rubuta cewa an zalunce ta. Sai dai tafintan da kotu za ta kira Bahaushe ne, yana shan shayi da mazan kowa.

"Gogo, ke nake so ki zama bakina. In sunan yarinyar nan ya fita, a nan da gida, an gama da ita."

Kotun tana da sanyi da fari, Gogo ta ji kamar tana tafiya a cikin mafarkin wani. Alƙalin dattijo ne, gemunsa da lalle. Ya sa aka fitar da kowa, sai magatakarda. Ya ce ya yi umarni: a rubuta sunan yarinyar a takarda ɗaya tak, a rufe a ambulan, sauran takardu duk a ce "yarinyar". Wanda ya ji a ɗakin nan, kada ya faɗa a waje. Sannan ya dubi Sista, ya ce ta faɗi sunan da bakinta, ya gwada da na takardar.

Sista ta sunkuyar da kai. Fanka tana juyawa a sama. Alƙali ya sake tambaya a hankali, yana zaton tsoro ne.

"Allah ya gafarta malam," in ji Gogo da Larabci, "ba tsoro ba ne. 'Yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kama sunan 'yar fari, kunya take ji. Shekara tara ke nan bai fito daga bakinta ba."

Alƙali ya dube su. "To ke faɗa, Hajja, ita ta ɗaga kai in haka ne."

Gogo ta faɗa, ƙasa-ƙasa. Sista ta ɗaga kai. Magatakarda ya liƙe ambulan. Gogo ta ji sunan ya koma cikin ƙirjinta ya kwanta, da nauyi, kamar jariri mai zazzaɓi.

Kafin Alhamis labari ya zaga cewa an kama direban, ba a dai san 'yar wa ba ce. Gidan Hajiya Aliya ya cika da raɗe-raɗe. Mariamou 'yar Maraɗi, mai sayar da turaren wuta, ta matso tana fifita da kwali.

"Gogo, ke da kika san sunan kowace kaza a Riyad, ki ce ba ki ji komai ba?"

"Na ji an kira la'asar, ban ga kin tashi ba."

Aka yi dariya, amma idanu ba su bar ta ba. Sai ga yara sun yi layi. Yarinyar ce ta huɗu, da ɗan hijabinta ruwan toka, tana kallon kafet. Gogo ta san kanta. In ta kira sunan nan, muryarta za ta karye, matan nan kuwa suna jin karyewar murya fiye da yadda suke jin magana. In ta tsallake ta, shi ma an gane. Hayaƙin turaren Mariamou yana tashi a hankali tsakaninta da yaran.

Ta dubi ta farko, Zahida ce, ta san ta sarai. Ta yamutsa fuska.

"Zo nan, 'yata. Ke ce wa ma?"

"La ilaha! Gogo, Zahida ce fa!" in ji Hajiya Aliya.

"To, tsufa ya ƙwanƙwasa ƙofa. Karɓi, 'yata."

Ta biyu 'yata, ta uku 'yata. Ta huɗu ma 'yata, dabinonta ɗaya kamar na kowa, ta wuce.

Daga ranar Gogo ba ta ƙara kiran wata yarinya da suna ba. Aka ce kanta ya fara rikicewa, aka daina aiko mata da goron suna da wuri, Mariamou ta riƙa kawo mata habbatussauda wai don ƙwaƙwalwa. Tana sha, tana godiya. Da dare dai tattabarunta suna zuwa yadda suka saba, babu wadda ta ɓace. Zancen direba ya yi kwanakinsa ya mutu, babu sunan da ya maƙale masa.

Bayan shekara shida, Sista ta gama kwantiraginta za su koma gida. Yarinyar ta hawo benen yin sallama, ta yi tsawo, tana ta ba da labarin karatun da take so ta yi. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Gogo, da gaske kin manta sunana?"

Gogo ta leƙa matakala, babu kowa sai ƙarar guduma daga shagon ƙasa. Ta jawo kan yarinyar, ta kai baki kunnenta na dama yadda ake yi wa jariri, ta raɗa mata shi cikakke, har da kakar da aka yi wa takwara. Muryarta ba ta karye ba.

Sannan ta sa mata dabino a hannu. "Sauka lafiya, 'yata."