Bidiyon Mma a Wayar Sista Fusena

Asabar ɗin farko bayan Sallar layya, shekarar da Mma, mahaifiyata, ta rasu, na zauna bakin famfon gidanmu a unguwar Alabar da tsohuwar wayar Baba a hannu, wadda roba ke riƙe da batirinta. Abu ɗaya nake jira Sista Fusena, 'yar kawuna, ta tura mini: bidiyon Mma tana rawa a wani suna, mayafi ya zame, tana dariya tana zagin mai ɗauka. Duk gidan, wayar Fusena kaɗai ke da shi.

Mu yaran gidan ba ma sayen data. In an gama wanki da kankare tukwanen wake da shinkafa, sai a kewaye Fusena, ta buɗe manhajar tura kaya, wayoyi su haɗu da tata. Manhajar ba ta ɗaukar kowa lokaci guda, kuma waya ɗaya mai nauyi sai ta ja saura baya. Don haka Fusena ta kafa doka: "Kawo ka samu." Mai sabon fim shi ne gaba. Mai waƙoƙin biki ya bi. Ni wa'azin Baba kawai ke cikin tawa, wa zai so?

Ran nan na yi mata wankin kayan makaranta kafin ta sa ni a layi. Zanen da ke nuna yadda turawar ke tafiya ya fara cika a hankali kamar tafiyar motar haya ta torotoro a cunkoson kasuwa. Ya wuce rabi. Sai ga Memuna daga unguwar Kwadaso da sabuwar waya cike da finafinai.

"Ayishetu, wayarki na jan mu baya sosai paa," in ji Fusena. "Ɗan sauka."

"Sista, saura kaɗan. Mma ce fa."

"Mma ta gudu ne? Gobe."

Ta danna, ta cire ni. Abin da ya yanke a hanya ba ya buɗewa. Na gwada har wayar ta yi zafi. Washegari na je tun kafin koko ya huce. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce finafinan Memuna sun ci wuri, ta share tsofaffin kaya.

Daga baya a sakandare malamin kwamfuta ya yi mana bayanin manhajojin da ke rarraba manyan fayiloli: suna fifita mai bayarwa, suna toshe mara komai, don gudu ya ƙaru. Amma lokaci-lokaci sukan buɗe wa wanda bai da ko ɗaya ƙofa, ya samu abin farawa. Na ajiye biro. Ashe inji ma yana barin wannan ƙofar.

Yanzu wayata ta fi ta kowa a gidan sauri, yara ni suke kewayewa, wuri har ya yi mini yawa. Muryar Mma kuwa ta fara ɓace mini a kunne, kuma babu wanda zan ce wa ya tura.