Alkasum Labbo, Wanda Ya Raba Suna da Lamba

Na Allah ne mu, gare Shi muke komawa. Ranar Alhamis, 12 ga Nuwamba 1998, da hantsi, labari ya iske mu a buro, wato ofishinmu, cewa motar da ta ɗauko ka daga Illela ta kife bayan Badaguishiri. Mutum huɗu sun cika nan take. Kai kuma ba a iso da kai Konni da rai ba.

Alkasum, ni ne Lurwanu mai awon jini, abokin aikinka a ƙungiyarmu ta yaƙi da sida, cutar ƙanjamau. Kafin zuwanka, sunayen waɗanda muka auna da sakamakonsu suna cikin littafi guda, a kan tebur. Wani ya leƙa, ya ga sunan wata baiwar Allah, Tsahara. Kafin kasuwa ta sake ci, gari duk ya ji. Aka fitar da ita daga gida, aka ware mata ƙwarya, ta rasu a bukkar bayan gari ba mai ba ta ruwa. Wannan alhakin har yau yana wuyanmu.

Da aka kawo kwamfuta uku a 1996, aka ɗauke ka don ka girka su. Ka ƙi kunna ko ɗaya sai da ka ji labarin Tsahara har ƙarshe. Sannan ka tsara: sunaye a na'ura guda, cikin ɗaki mai ƙofar ƙarfe, sakamakon awo a wata, ba suna, sai lamba. Abin da ke haɗa suna da lamba yana cikin ta uku, ba ya buɗuwa sai da kalmar sirri biyu, ɗaya a bakin likitanmu, ɗaya a bakina. Ka hana faifan disket na waje shiga na'urorin. Kowane mako ka kwafi aikin, ka kai shi Illela da kanka, don ko gobara ta tashi kada mu rasa majiyyatanmu. Mun yi ta gunaguni, muna cewa ka cika tsanani. Ka yafe mana.

Ban manta ranar da wani attajiri mai motoci ya zo neman sunayen direbobinsa masu cutar ba. Ya yi alkawarin babur, ya koma barazana. Ka ce, "Alhaji, ko yanka ni kuka yi ban iya buɗe shi. Da gangan na hana ma kaina." Juma'ar da ta biyo, muna masallaci, aka fasa buro aka ɗauke na'urar sakamakon awo. Lambobi kawai suka samu. Mutum ɗari uku da goma sha ɗaya suna cikinta, ba wanda asirinsa ya tonu. Da yawansu sun rasu tun daga lokacin, amma a ɗakunansu suka rasu, iyalinsu na kewaye da su. Wasu sun bi gawarka ba su san abin da ka yi musu ba, mu kuma ba mu da ikon faɗa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya rufa maka asiri ranar da ake tone-tone. Inna Gimbiya da ta haife ka, da maiɗakinka Lauratu, da 'ya'yanka Ishaku da Balki, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya marayu. Mu da muka saura, Allah Ya sa mu cika da imani.

Lurwanu Maikano, Birnin Konni