Na Je Kano Neman Mai Gina wa Malam Gado

Ku matso ku ji, 'yan uwa. Tafiya ce ta kwana biyu, amma har yau ƙafata ba ta huta da ita ba. Ni ban yi boko ba. Da baki na faɗa, malamar da ke koya wa matan garinmu karatu ta sa a takarda.

Maigidana, Malam, shekara arba'in yana kwana a gadon ƙasa. Wanda bai san shi ba, gado ne na gini, da kogo a ƙarƙashi. Da magariba a zuba garwashi a ciki, ɗumi ya yi ta hawa bayan mutum har gari ya waye. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa sai dai in ce Magini, shi ya rushe shi. Shekarar da ya fara samun aiki a Kano ya zo da siminti da gadon ƙarfe, ya ce gadon ƙasa ƙauyanci ne. Don ƙauna ya yi, ban ce ba. Amma tun daga nan, duk sanyi sai ƙashin Malam ya riƙe. Bana ya kai ga a zaune yake salla, ga tari. Tsohon da ya iya wannan gini a ƙasarmu ya rasu, kuma mutum ɗaya ya koya a hannunsa: wanda ya rushe namu.

Daga gida zuwa Ɗambatta

Ana idar da asuba na fita. Na lulluɓe Malam da bargo biyu, na bar wa maƙwabciyata Ladi amanarsa. Ya ce, "Kada ki yi masa faɗa a gaban mutane." Na ce to.

Shekarar nan mai ya yi tsadar da babura suka koma jingine a zaure. Na taka da ƙafa ta cikin gonakin da aka girbe, har rana ta fito, sannan na samu mai babur da ya ɗauko akuya biyu zai kai kasuwa. Ya ce, "Inna, in kin yarda da maƙwabtan nan, hau." Na hau. Akuya ta ci mini bakin mayafi tun daga kan hanyar Kunci har tasha. Da hantsi muka shiga Ɗambatta. Na sha koko ba ƙosai, don ƙosan ya zama kamar ƙwayar magani.

Ɗambatta zuwa Kano

Bas ɗin ba ta cika ba sai da rana ta take. Mutum biyar a kujerar mutum huɗu. Shinge uku muka wuce. A na biyu wani mai kaki ya leƙo ya ce, "Baba tsohuwa, me kika ɗauko?" Na ce, "Magana." Ya yi dariya ya ce mu wuce, ita ba a bincikenta.

Ana kiran azahar muka sauka a Ƙofar Ruwa. Na kwance bakin zane na ba wani mai adaidaita takardar da aka rubuta lambar wayar Magini. Ya kira, aka yi masa kwatance, ya kai ni wata unguwa da katangunta suka fi rimin garinmu tsawo.

Gidan da ake aiki

Maigadi ya tare ni. "Wa kike nema, Hajiya?"

Na ce, "Ban je Makka ba. Ɗana nake nema."

"Sunansa?"

"Ɗan fari ne."

Ya kama baki. "To ai kin ɗaure ni! Mutum talatin ne a ciki." Ya shiga ya ɗaga murya, "Duk wanda uwarsa ba ta faɗin sunansa ya fito!" Mutum huɗu suka fito. Na huɗun nawa ne, ya rame, siminti har gira.

Ya durƙusa ya gaishe ni. Na faɗa masa halin jikin ubansa. Sai ya ce in shigo daga rana.

Abin da na gani a ciki, ban taɓa gani ba. Duk ƙasan falon an shimfiɗe shi da jan bututu siriri, an nannaɗe shi yana kai da komowa kamar hanjin rago. Na ce wannan fa? Ya ce ruwan zafi ne zai riƙa bi ta ciki, daga wata tukunyar ƙarfe da ake dafawa da wutar sola. Za a zuba siminti a rufe, a ɗora tayil, sai ƙasan ɗaki ya riƙa ɗumi. Mai gidan a ƙasar waje ya gano, ya ce sai an yi masa. Har banɗaki, don kada ƙafar uwargida ta taka sanyi in ta fito wanka.

Akwai ɗaki guda da aka gama, ana gwada shi. Ya ce in cire takalmi. Na taka. Jama'a, ɗumi ya kama tafin ƙafata ya hau har gwiwa, a hankali, ba hayaƙi, ba toka. Na san ɗumin nan. Shekara arba'in ina shimfiɗa tabarma a kansa.

Na ce, "Wannan ai gadon ubanka ne."

Babban ma'aikacin, wanda suke kira Injiniya, ya ƙyalƙyale. "Mama, wannan fasahar Turawa ce!"

Na ce, "A nan sunanta fasaha ke nan. A gidanmu ƙauyanci aka ce." Na tuna maganar Malam, na ja bakina. Amma ta riga ta fita, kuma Magini ya ji.

Na tambaya wa zai kwana a ɗakin. Maigadi ya ce mai gidan da sallah kawai yake zuwa, lokacin sanyi ba ya ƙasar.

A bayan gida na ce wa Magini ya tashi mu tafi, aikin kwana biyu ne. Ya ce, "Inna, an cika bututun da ruwa, gobe za a fara zubi. In na matsa ƙafa, kafin la'asar an sa wani. Kin ga masu zama a bakin ƙofa? Jira suke. Kuma hatsin da kuke ci daga nan yake fitowa." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi ɗaci. Gonarmu bana ba ta ga taki ba. Ya ce in ba shi mako uku. Na ce ubanka ba shi da mako uku.

Sai ya ɗauki ƙusa ya tsuguna a kan yashi. Ya zana mini gadon. Nan bakin wuta, nan hanyar hayaƙi ta fita bayan ɗaki. Jar ƙasar kududdufi, a kwaɓa da ciyawa, ta kwana uku tana ruɓa. Ya ce, "Abu ɗaya, Inna. In kin gama, kwana bakwai da wutar kara kaɗan kaɗan. Kada ya hau shi da danshi, ko ya roƙe ki. Tururin ɗanyen gini ya fi sanyi kisa." Yana faɗa hawaye na ɗiga a kan zanen.

A ɗakin matar maigadi na kwana, kan siminti tsirara. Tsakanina da ɗakin mai ɗumi taku ashirin, an kulle shi da makulli.

Komawa

Da sassafe Magini ya sa ni a mota da rabin buhun masara. La'asar sakaliya na shiga gida. Malam ya ce, "Ina yake?" Na ce, "Ya aiko ni da ginin a kaina." Ya ce, "Allah ya yi masa albarka."

Ni da Ladi da mata uku muka haƙo ƙasa, muka kwaɓa, muka gina. Ba a taɓa ganin mata sun yi ba, mazan gari suna leƙe ta katanga. Kullum Malam sai ya miƙa hannu daga gadon ƙarfe ya taɓa ginin ya ce, "Bai yi ba?" In ce saura kaɗan. Rana ta huɗu da gama ginin ya roƙe ni in bar shi ya hau. Na hana shi, kamar yadda aka ce mini. Rana ta biyar da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Magini ya zo ranar sadakar uku, Injiniya ya ba shi yini ɗaya. Ya shiga ɗaki ya shafa gadon, ya leƙa kogon, ya ce, "Inna, ba tsaga ko ɗaya. Ya bushe."

Na ce, "Na sani."

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa mai babur da akuyoyinsa, da matar maigadi da ta ba ni tabarma, da Ladi da har yau hannunta bai warke daga kwaɓi ba. Gadon yana nan, yana jan wuta yadda ya kamata. Kowace magariba ina zuba masa garwashi. Ni dai har yanzu a tabarma nake kwana, a gefensa.