Ranar da aka yi misali da babana

Babana ya daɗe yana tsaron rumbunan albasa a Sabiyal kafin ƙafarsa ta gaza, wani ɗan uwa ya samo masa gadin ƙofar makarantarmu ta 'yan mata a Jega. Ranar da ya kama aiki ya kafa mini doka: "In kin zo wucewa ki wuce. Kada ki durƙusa min gaban ƙawayenki." Ni da ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Na bi dokar, kuma abin da ke ci mini rai har yau shi ne ban sha wuyar binta ba.

Muna aji biyar malamin Turanci ya rubuta watchman a allo. Ya ce tsohuwar kalma ce, tushenta zama a farke, wato mutumin da ke hana idonsa barci don wasu su yi nasu. Ya ce gadi ma da muke faɗi, a bakin Turawa muka ara. Har nan lafiya lau. Sai ya leƙa taga ya nuna da alli: "Ga misali can. Duk wadda ta faɗi jarrabawa, irinsa za ta aura."

Aji ya kwashe da dariya. Babana na can kan benci yana shafa gwiwa, bai san ana yi ba. Ta kusa da ni, wata 'yar Maiyama, ta zungure ni: "Ke, kin wani ɗaure fuska, ko angonki ne?" Sai na yi dariyar. Wallahi na yi, har da buga tebur.

Da aka tashi na je tsakiyar ƙofa na zube gwiwa biyu, na ɗaga murya: "Baba, ina wuni?" Malamin na bayana kan babur yana ta hon.

"Ke ɗiyar ga, mi ya same ki? Tashi, kin tare ma Malam hanya!"

"Ya jira."

Babana ya fizge ni gefe, ya wangale ƙofa, har yana rusunawa: "A yi haƙuri, ranka ya daɗe, yarinya ce." Malamin ya dube ni, ya dube shi, ya wuce abinsa. 'Yan ajinmu kuwa sun ji, duka.

Kwana uku Baba bai amsa gaisuwata a gida ba. Ya ce so nake in raba shi da aikinsa. Ban faɗa masa abin da aka ce a aji ba, kuma ba zan faɗa ba.